Jirgin Da Ya Tsaya A Ƙaura, Da Hausar Mutanen Kebbe

Duk wanda ya saba zama a majalisun ƙasar Tambuwal da Kebbe bayan sallar la'asar, ko a rumfar mai shayi in an yi isha'i, ya san akwai maganganun da ba su tsufa. Wani ya ce, ina dalilin da jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Sakkwato ba? Kafin ya rufe baki wani ya amsa masa, ai laifin manyanmu ne, sun hau mulki sun manta gida. Can kuma sai ɗan makaranta ya kawo ƙarar malaminsa, wai ya ja masa jan layi a ƙarƙashin "munka tahi" ya rubuta masa "muka tafi", nan da nan majalisa ta kaure da gardamar ko Hausar wa ce ta asali, ta Kano ko ta Sakkwato. Kowa ya faɗi albarkacin bakinsa, a watse, gobe a koma kanta. Yanzu da waya ta shiga aljihun kowa, gardamar ba ta ko jiran la'asar.

Mu dai a ganinmu wannan hira, ko da yake da raha ake yinta, ba ta banza ba ce. Ruwa ba ya tsami banza. In an bi sawun maganganun nan a hankali sai a tarar hanya guda suka biyo, watau hanyar jirgin da Turawa suka shimfiɗa, da wurin da suka ajiye ƙarfenta na ƙarshe cikin 1929. Shi ya sa muka ga ya kamata mu warware wa malaman makaranta da akawunan ofis labarin yadda yake, gama su akan juya a tambaya in gardama ta yi zafi, kuma ba ya kyau ga mai ilmi ya amsa da "wai".

Yadda Aka Shimfiɗa Dogo

Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, ta hanyar da aka faro daga Baro a bakin Kwara, wadda aka haɗa a Minna da wadda ta taso daga Ikko. Turawan da suka kashe kuɗin, auduga suke hange domin masaƙun Ingila. Manoman Kano kuwa suka duba suka ga gyaɗa ta fi riba, cikin 1912 suka cika tasha da ita har taragu suka kāsa. Tun daga nan ya kamata a gane halin dogo. Ba don ziyara ake yinsa ba, ba kuma don girmama sarauta ba. Inda kaya yake, nan yake bi. Da don daraja ake yi, ai da birnin Sarkin Musulmi za a fara kai wa.

Reshen da ya nufo yamma ya tashi daga Zariya, ya ratsa ƙasar auduga ta Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda cikin 1929. A shekaran nan ne ciniki ya karye a duniya duka, farashin gyaɗa da na auduga suka faɗi warwas, kuɗin da ke shiga baitulmalin Gwamnati ya ragu ƙwarai. Aka ƙarasa reshen Kano zuwa Nguru cikin 1930, sa'an nan aka naɗe kayan aiki. Ba a sāke soma wata babbar hanya ba sai cikin 1958, da Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 28, aka fara hanyar Barno daga Kuru kusa da Jos, ta bi ta Bauci da Gwambe, ta isa Maiduguri cikin 1964. Lardin Sakkwato, duk faɗinsa, abin da ya samu shi ne ɗan yankin nan na gabas. Daga Gusau zuwa birnin Sakkwato da sauran fiye da mil 120, daga Sakkwato zuwa Tambuwal kuma wajen mil 60 a kan hanyar Jega.

Wannan ɗan yanki ma daga baya ya fita hannu. An yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato cikin 1991, aka yanke Zamfara cikin 1996, Gusau da Ƙauran Namoda suka tafi da tasoshinsu. Tun daga ranar Jihar Sakkwato ba ta da ko taku ɗaya na hanyar jirgi.

Abin Da Aka Rasa

Yaran yanzu suna tsammanin ƙasar Kebbe tun fil'azal a bayan gari take. Ba haka ba ne. Kebbe tana kusa da Gulbin Zamfara, tsakanin Gummi da Jega, Jega kuwa a ƙarni na 19 tana cikin manyan kasuwannin daular Usmaniyya. Ta nan ayarin fatake ke bi zuwa Gwanja, su ratsa Yawuri da Bargu da jakunansu, ɗauke da tufafi da kanwa da kayan fata, su komo da goro bayan watanni. Tambuwal ita ma ba ƙauye ba ce, ribaɗi ne na Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, malami mawaƙi, wanda zuriyarsa suka gaji sarautar garin. Mai gona a wannan yanki yana da kasuwa a ƙofar gida, baƙo kuma yana kawo masa labarin duniya.

Da jirgi ya zo sai goro ya sāke hanya. Aka riƙa ɗauko shi ta teku zuwa Ikko a zuba a tarago, daga baya kuma Yarabawa suka dasa shi da yawa a wajajen Agege da Shagamu, tafiyar da ke cin watanni ta koma ta 'yan kwanaki. Madugu ya rasa ayari, zangon fatake ya zama kufai, kasuwa ta koma bakin dogo. Gusau, wadda ba ta kai Jega suna ba a da, ta samu tasha da injin gurzar auduga da kantunan Turawa da Sabon Gari, har ta zama babban birnin jiha. Manomin Kebbe kuwa, in ya noma gyaɗa ko auduga, sai ta yi tafiyar fiye da mako a bayan jaki ko raƙumi kafin ta ga sikeli a tasha, mai saye kuma ya cire kuɗin wannan tafiya daga farashi. Buhu ɗaya, wahala ɗaya, amma na mutumin bakin dogo ya fi kuɗi. Wannan shi ne asalin ƙorafin, ko da masu yinsa yau ba su san kakanninsu suka fara shi ba.

Amma a faɗi gaskiya, mota ta mayar wa yankin wani abu daga cikin abin da jirgi ya ƙwace. Babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Tambuwal da Jega da Yawuri da Kwantagora zuwa Jebba da kudu, kusan sawun fataken da ta bi. A kanta albasar Aliero da shinkafar fadama da shanu ke sauka kudu. Illa dai mota na shan mai, tana cin hanya, albasa kuma ba ta jure kwana a hanya in babbar mota ta lalace. Har kalmar "tasha" da muke cewa tashar mota, daga bakin ma'aikatan reluwe muka aro ta, mun sami sunan ba mu sami jirgin ba.

Laifin Wa?

Mun sha jin ana lissafi da yatsu. Sardauna, Firimiyan Jihar Arewa daga 1954 zuwa 1966, a Rabah aka haife shi. Alhaji Shehu Shagari, Shugaban Ƙasa daga 1979 zuwa 1983, garinsu yana kan hanyar nan ta Tambuwal. Alhaji Aminu Waziri Tambuwal ya wakilci mazaɓar Kebbe da Tambuwal a Majalisar Wakilai daga 2003, ya shugabanci majalisar daga 2011 zuwa 2015, ya yi Gwamnan Sakkwato daga 2015 zuwa 2023. Sai a ce, duk wannan, ina jirgin?

Tambaya ce mai kyau, talaka kuma yana da hakkin yinta. Amma ya kamata a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Reluwe aikin Gwamnatin Tarayya ne, Hukumar Jiragen Ƙasa da aka kafa cikin 1955 ita ke riƙe da shi, kuma tsarin mulki ya ajiye shi cikin abubuwan da Tarayya kaɗai ke da ikon yi wa doka. Sai cikin Maris 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran da ya ba jihohi dama su shiga. Saboda haka wanda ya zargi wani Gwamna na kafin lokacin nan da ƙin shimfiɗa dogo, ya zarge shi da ƙin yin abin da doka ba ta ba shi ba. Waɗanda suka zauna a kujerun Tarayya kam suna da baki a maganar, su ya kamata a tambaya me suka nema, me aka ce musu. Alkawari kuwa an sha yi, musamman in zaɓe ya matso. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa.

Sa'an nan ga kuɗi. Hanyar Kano zuwa Maraɗi, wadda aka aza harsashinta cikin Fabrairu 2021, aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal, tsawonta kilomita 284 ne ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, kuɗin kwangilarta da reshen Dutse kusan dala miliyan 2,000. Masu cewa "a ƙara 'yan sanduna daga Ƙaura kawai" su sani tsohon dogo faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, sababbin da ake yi tun daga na Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe cikin 2016, ƙafa 4 ne da inci 8 da rabi. Jirgin wannan ba ya hawa wancan.

To, tun da mun ga dogo kaya yake bi, da kaya za a roƙe shi. Simintin Kalambaina, albasa, shinkafa, fatu, dabbobi, da abin da ke shiga da fita ta Illela zuwa Birnin Ƙonni, su ne hujja. Nan aikin akawu ya shigo. Motoci nawa ke tashi daga kasuwa ran kasuwa, buhu nawa, shanu nawa, a wane wata? In littafin kasuwa da rasit ɗin haraji sun zama na gaskiya, wakili zai tashi a majalisa da lissafi a hannu. In kuwa an cika su da ƙiyasi don a huta, to, kuka kawai zai kai, kuka kuwa kowane lardi yana da nasa.

Hausar Wa?

Mai karatu zai ce, me ya haɗa jirgi da jan layin malami? Ga abin da ya haɗa su.

Kafin zuwan boko, wani babban rabo na Hausar da aka rubuta da ajami a yamma aka rubuta shi. Nana Asma'u 'yar Shehu da ƙanenta Isa sun tsara waƙoƙin wa'azi da na tarihi da Hausa, aka yi ta kwafarsu ana rerawa har cikin ƙauyuka. Da boko ya zo, sai aka kafa turakunsa a wani wuri dabam. Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano cikin 1909, ya kuma fitar da ƙa'idodin rubutun Hausa cikin 1912. Ofishin fassara da talifi ya zauna a Zariya a hannun Dokta R. M. East, Zariya kuwa mahaɗar jirage ce: ga babbar hanyar Kano, ga reshen Gusau, ga kuma ƙaramin dogon Jos da aka rufe cikin 1957. Takarda da tawada da injin ɗab'i ta jirgi suke zuwa, littafi da jarida kuma ta jirgi suke fita. A gasar ƙaga labari ta 1933 littattafai biyar suka yi fice: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. A duba da kyau, babu Basakkwace ko ɗaya a cikinsu. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya cikin Janairu 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya cikin 1945, Hukumar Harshen Hausa kuma cikin 1955. Hausar da ta fito daga wannan turmi, wadda ta dogara bisa karin Kano, ita ce daidaitacciyar Hausa da ake koyarwa.

Ba mu ce jirgi kaɗai ya yi wannan ba. Kano babbar kasuwa ce tun kafin a haifi kakan wanda ya ƙera jirgi, makarantar Ɗan Hausa ma ta riga dogo isa Kano da shekara biyu. Amma jirgi ne ya buga turken ya zauna daram. Yaron Funtuwa da na Zariya sun ga maganar gidansu, ko abin da ya yi kusa da ita, a cikin littafi. Yaron Kuchi da na Margai da na Dogon Daji ya buɗe littafi ya ga wata Hausa, aka ce masa ita ce daidai.

Bari mu kawo bambancin a fili. Bakano ya ce "suka zo", mutumin Kebbe ya ce "sunka zo" ko "sunka zaka". Wancan ya ce "shi ne, ita ce", wannan ya ce "shi na, ita ta". Wancan "yana tafiya", wannan "shina tahiya". Wancan "gidansa, matarsa", wannan "gidanai, matatai". "Fari" ya zama "hwari", "wannan" ya zama "wanga" ko "wagga", "'ya'ya" ya zama "ɗiya". Ƙasar Kebbe ma wuri ne da Sakkwatanci da Kabanci da Zamfarci ke gaisawa, gama tana iyaka da jihohin biyu, ga kuma Fulani da nasu harshen.

Abin da masu gardama ba su cika sani ba shi ne masana sun daɗe da duba maganar. Wani Bajamushe, August Klingenheben, ya nuna tun cikin 1928 yadda baƙaƙen ƙarshen gaɓa suka sassauta a bakin Hausawa, har ake kiran abin da sunansa. "Zamna" ita ta koma "zauna", "amre" ta koma "aure", "sabka" ta koma "sauka", "biyat" ta koma "biyar". Watau a kalmomin nan mutumin Tambuwal ne ya riƙe tsohon kamu, Bakano ne ya sāke. Haka kuma "munka" da "sunka" sun girmi "muka" da "suka". Kada dai Basakkwace ya ɗauki wannan ya hau kujerar naƙi, ya ce tasa ce kaɗai Hausa. Harshe kamar gulbi ne, kowane reshe ya ɗebo wani abu ya yar da wani, kuma tsufan kalma ba shi ke sa ta zama ta jarrabawa ba. Muna faɗa ne don malamin da ke ce wa yaro "gyara bakinka, wannan ba Hausa ba ce" ya san abin da yake faɗi ba gaskiya ba ne.

Ga Malaman Makaranta

Daidaitacciyar Hausa tana da amfani, ba mu da shakka. Da ita mutumin Kebbe zai rubuta wa na Haɗeja takarda a karanta ba tare da tafinta ba, da ita ake jarrabawa, domin ta kuma masana suka taru a Bamako cikin 1966 da Yamai cikin 1980 don a daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. Yaron da ya fita makaranta bai iya ta ba, an cuce shi. Saboda haka a koyar da ita sosai, a kuma gyara rubutu.

Amma akwai bambanci tsakanin kuskure da kari. Yaron da ya rubuta "kasa" alhali "ƙasa" yake nufi, ya yi kuskure, gama ya sāke ma'ana. Wanda ya rubuta "munka tahi" bai yi kuskuren Hausa ba, ya sa rigar gida ne a wurin da ake son rigar makaranta. Na farko a ja masa layi. Na biyu a rubuta masa "muka tafi" a gefe, a ce masa wannan ta littafi ce, waccan ta gida, mai hankali yana riƙe duka biyu. In an kunyata yaro a kan maganar uwarsa a gaban 'yan ajinsu, abin da ya koya shi ne yin shiru, kuma aji mai shiru ba ya haifar da marubuci. Ana ta juya manufar harshen koyarwa a sama: cikin 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen gida, cikin 2025 aka janye aka koma Turanci. Ko wace aka bi, yaron da ya shigo aji ɗaya a Kebbe da karin yamma zai shigo, da shi kuma malami zai fara fahimtar da shi kome.

Wuri ɗaya da gyara ke zama ɓarna ƙuru-ƙuru shi ne waƙa. Ibrahim Narambaɗa, Salihu Jankiɗi, Musa Ɗanƙwairo, Ɗan Anace, duk da karin yamma suka yi waƙa, Kanawa da Zazzagawa kuma suka haddace ba su nemi fassara ba. "Sunka" gaɓarta ta farko mai nauyi ce, ta "suka" kuwa sassauƙa ce. Malamin da ya kwafe waƙa a allo ya mayar da wannan waccan, ya karya mata ƙafa, kiɗan ba zai sāke hawa ba. A bar wa mawaƙi bakinsa. Alhaji Shehu Shagari kansa malamin makaranta ne sa'ad da ya tsara Waƙar Nijeriya, abin da ke nuna alli da waƙa ba su taɓa gāba ba a ƙasan nan.

Akawu shi ma yana da nasa rabo, ko a rubutun sunaye. Kebbe ƙaramar hukuma ce a Jihar Sakkwato, Kebbi kuwa jiha ce, wadda Bahaushe ke kira Kabi. Harafi ɗaya ya raba su a takarda, ga su kuma maƙwabta.

Akwai wani aiki da muke roƙon malamai su ɗauka, ba ya bukatar kwangila ko rance. Sa'ad da G. P. Bargery ya fitar da babban ƙamusunsa cikin 1934, bai yar da kalmomin lardi ba, ya sa su ya kuma yi musu alamar inda ake faɗinsu, har da na Sakkwato. Shekara casa'in ke nan da ɗoriya, tsofaffin da suka san sunan kowane kifi na Gulbin Zamfara, da kowane irin gero da dawa, da kayan saƙa da na ƙira da na ɗakin amarya, suna ta ƙarewa, jikokinsu kuma Hausar rediyo da ta fim ɗin Kano suke ji. Kowane malami ya ajiye ɗan littafi guda. Ya raba shafi biyu, hagu kalmar gida, dama ta littafi in akwai, in babu ya yi bayani. Ya sa 'yan aji shida su tambayo masunta da makiyaya da kakanninsu mata. In littafin ya cika a aika da kwafe zuwa sashen harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Sharaɗi ɗaya ne: a rubuta kalma yadda aka ji ta, da sunan garin da aka ji ta, da sana'ar mai faɗi, kada a gyara mata ko wasali ɗaya.